Lacca ko bincike: wace hanya ta fi dacewa da kwas ɗin lissafin halittu a Jos da Abuja?

A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar CCMAS. Ta riƙe kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Da wannan gurbi, duk sashen lissafin da ya ga dama zai iya buɗe kwas ɗin lissafin halittu, wato amfani da lissafi wajen fahimtar yadda halittu ke ƙaruwa da yadda cututtuka ke yaɗuwa, ba tare da dogon roƙo ba. Rubuta sunan kwas a takarda ba shi da wuya. Nauyin yana kan malamin da za a miƙa wa shi, wanda galibi ƙaramin malami ne da bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ga zumuɗi, ga kuma tarin wasu kwasa-kwasai a wuyansa.

Hanya biyu ce a gabanka, malam. Ko dai ka bi ta lacca, ka tsaya a gaban allo ka warware samfuran lissafin da magabata suka gina, ka ba da gwaji, ka yi jarrabawa. Ko kuma ka mai da kwas ɗin bincike: ka raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki tambayar da kai kanka ba ka san amsarta ba, su nemo alƙaluma na gaskiya, su gina samfurinsu, su kare shi a gabanka. Ni dai na fi karkata ga ta biyu, amma da sharuɗɗa masu tsauri, kuma akwai yanayin da zan ce maka ka rungumi lacca ba tare da jin kunya ba.

Mu fara ba lacca haƙƙinta, don masu zumuɗin sabon abu sun cika raina ta. Fannin nan yana da ginshiƙai da dole ɗalibi ya san su. Akwai lissafin Verhulst na 1838 kan yadda yawan halitta ke ƙaruwa har abinci ya taka masa birki. Akwai na Lotka da Volterra na 1925 da 1926 kan mai farauta da abin farautarsa. Akwai na Kermack da McKendrick na 1927, wanda ya kasa jama'a gida uku, masu iya kamuwa da masu ɗauke da cuta da waɗanda suka warke, wato abin da kowa ke kira SIR. Malamin da ya shirya zai iya shimfiɗa waɗannan duka a zango ɗaya, da alli da allo kawai, ko da ɗalibai sun cika ɗakin lacca har wasu na tsaye a taga. Wuta ta ɗauke, darasi na nan. Jarrabawa ɗaya ce ga kowa, makin kowa na hannunsa, mai duba jarrabawa daga waje zai gane abin da aka yi cikin minti goma. In aka tafi yajin aiki, kamar na 2022 da ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai a dawo a ɗora daga shafin da aka tsaya.

Aibinta ɗaya ne, amma babba ne. A lacca, tambaya takan zo da lambobinta a shirye: ga saurin yaɗuwa, ga saurin warkewa, nemo R0, wato adadin mutanen da mai cuta ɗaya zai harba a cikin jama'ar da ba mai kariya. Ɗalibi ya raba wannan da wancan, ya samu 2, ya tuna cewa in R0 ya kai 2 kusan kashi 80 na jama'a za su kamu kafin annoba ta lafa, ya ci makinsa. Bai taɓa tambayar daga ina lambar farko ta fito ba. Alhali duk aikin yana nan. Ba wanda ke zuwa asibiti ya auna saurin yaɗuwa da ma'auni. Daga rahotannin da suka zo a makare, masu giɓi, ake ƙoƙarin ciro shi. Ɗalibin lacca kamar ɗan koyon ɗinki ne da ya shekara yana ɗinka abin da maigidansa ya yanka: ɗinkinsa a miƙe yake, amma ka ba shi yadi da almakashi ka ga yadda hannunsa zai yi rawa.

To me ke faruwa a ɗaya hanyar? Mu ɗauki zazzaɓin Lassa, tunda Jos na da tarihi da shi. A 1969 daga garin Lassa na jihar Borno aka kawo ma'aikaciyar jinya Laura Wine asibitin mishan da ke Jos, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano, a nan ta rasu, kuma a 1970 cutar ta sake ɓulla a garin har ta yi ajalin likita Jeanette Troup. A yau hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Abuja tana fitar da rahoton Lassa mako-mako, kowa na iya saukewa kyauta. Ka ba rukunin ɗalibai huɗu rahotannin shekara uku, ka ce su bayyana dalilin da ya sa alƙaluman ke tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Maris, su faɗi da damina.

Abu na farko da za su yi shi ne su ɗauko SIR ɗin da suka sani su ɗora. Ba zai zauna ba. Za su murɗa lambobi, su sake murɗawa, zanen ya ƙi bin alƙaluma. Sai a mako na biyu ko na uku wani a cikinsu, sau da yawa wanda ya taso a ƙauye ya san rumbu da shanyar hatsi a bakin titi, zai ce ai mafi yawan masu kamuwa daga ɓera suke ɗauka, ba daga mutum ba. Daga nan dole su ƙara wa samfurin ɓeraye, su yi tunanin lokacin haihuwarsu da lokacin da suke shigowa gidaje. Kafin su huta, wata matsalar ta taso: kusan kashi 80 na waɗanda suka kamu ba sa nuna alama mai tsanani, don haka rahoton ba ya ƙirga su. Sannan in alƙaluman wata shekara sun fi na bara, cutar ce ta ƙaru ko ɗakunan gwaji ne suka ƙaru? Wannan tambaya ta ƙarshe babu laccar da za ta dasa ta a zuciyar ɗalibi yadda kwana uku na kokawa da rahoton zai dasa ta. Ko da rukunin bai kai ga amsa mai gamsarwa ba, sun koyi cewa samfuri zaɓi ne da mutum ke yi, kuma ana iya yin zaɓin da bai dace ba.

Akwai hujja daga waje da ke goyon bayan sa ɗalibai aiki da hannunsu. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara nazari 225 kan koyar da kimiyya da lissafi a jami'a, suka samu cewa a azuzuwan lacca zalla kusan kashi 34 ke faɗuwa, a waɗanda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji kuma kusan kashi 22. Sai dai a yi hattara da yadda ake ɗaga wannan tuta a taron sashe. Abin da suka auna ya haɗa da abubuwa masu sauƙi, kamar tsayar da lacca a ba ɗalibai minti biyar su warware tambaya tare, ba lallai cikakken kwas na bincike ba. Wato hujjar ta fi nuna cewa a gyara lacca, fiye da a rushe ta.

Yanzu ga kuɗin da hanyar bincike ke ci, don ba kyauta ba ce. Na farko lokacinka. Rukuni takwas na mutum huɗu-huɗu, kowanne na buƙatar rabin awa a mako, awa huɗu ke nan ban da lacca, ban da karanta abin da suka rubuto. Wannan mai yiwuwa ne. Ɗalibai 150 kuwa rukuni kusan arba'in ne, kuma babu malamin da zai iya, sai in yana da ɗaliban digiri na biyu da za su taya shi. A ganina yawan aji shi ne ma'auni na farko, kafin a yi maganar komai. In sun haura sittin kuma kai kaɗai ne, maganar ta ƙare, ka yi lacca.

Na biyu kayan aiki, kuma wannan bai kai yadda ake kururuta shi ba. Ba ka buƙatar manhajar kwamfuta mai lasisi irin MATLAB. R da Python da Octave duk kyauta ne, suna aiki ba intanet da zarar an sauke su, tsohuwar laftop ma ta ishe su. Kai ko da Excel ana iya bin SIR rana-rana ta hanyar Euler, kuma na fi son ɗalibi ya fara da haka, ya ga layi na haifar layi, kafin ya kira wani shiri da zai yi masa komai a ɓoye. Laftop ɗaya ta ishi rukuni. Abin lura kawai, mai laftop ɗin kada ya zama shi ne rukunin.

Wanda ya kawo mu ga na uku, kuma mafi ciwo: adalcin maki. A kowane rukuni akwai mai yi, akwai mai kallo, akwai wanda sai ranar miƙa aiki zai bayyana da kuɗin buga takarda. Ga kuma ChatGPT, wanda cikin daƙiƙa zai rubuta samfuri da bayaninsa da Turanci mai santsi. Rahoton da aka rubuta a ɗaki ya daina zama shaidar komai. Maganin da na sani shi ne karewa da baki, mutum ɗaya-ɗaya, minti biyar: ga samfurinku, in na ninka wannan lambar me zai faru da zanen, kuma don me? Wanda ya yi aikin zai amsa ko da da in'ina, wanda bai yi ba zai fara karanto gabatarwa. Sai kuma ƙa'idar jami'a, wadda galibi ke ba jarrabawar ƙarshe kaso mafi tsoka, ta bar wa aikin aji kashi 30 ko 40. In ba ka nemi izinin sauya wannan rabo ta hannun shugaban sashe tun kafin zango ya fara ba, kana neman ɗalibi ya zuba mafi yawan ƙarfinsa a kan abin da ba shi ne zai ɗaga masa sakamako ba. Ɗalibai sun iya wannan lissafin fiye da kowane.

Su wa za ka koya wa? Ɗaliban lissafi na aji uku sun yi kalkulas da ikweshon ɗin canji, amma wani a cikinsu bai san cewa macen sauro ce kaɗai ke cizo ba. Ɗaliban ilimin halittu sun san rayuwar ƙwayar maleriya daga hanta zuwa jini, amma da sun ga alamar kalkulas sai gabansu ya faɗi. A lacca wannan bambanci masifa ne, duk matakin da ka ɗauka rabin aji ya yi barci ko ya ɓace. A bincike kuwa riba ce, in ka cakuɗa su a rukuni ɗaya. Don haka in kwas ɗin na haɗin gwiwa ne tsakanin sassa biyu, mizanin ya ƙara rinjaya wajen bincike. Game da aji kuma, aji uku ya fi, in ba a zangon da suke fita SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu, ba ne, don abin da suka koya zai gyara musu furojet ɗin aji huɗu. A aji huɗu hankalinsu ya riga ya rabu.

In ka yanke shawarar bincike, zaɓen tambaya shi ne inda ake ci ko a faɗi, kuma a nan ne Jos da Abuja suka bambanta.

Maleriya ce ta fi kowace dacewa da mai farawa, a ganina. Lissafinta ya daɗe da bunƙasa, tun daga Ronald Ross a farkon ƙarni na ashirin zuwa George Macdonald a shekarun 1950, kuma yana da abin mamaki da ɗalibi zai gano da kalkuleta kawai. Ƙwayar cutar na buƙatar kwanaki a cikin sauro kafin ya iya harba ta, kuma sanyi na tsawaita kwanakin. Da tsohuwar ƙa'idar Detinova, ana samun yawan kwanakin ne in aka raba 111 da abin da ya rage bayan an cire 16 daga ma'aunin zafi. A ɗauka zafi digiri 27 ne, irin na Gwagwalada: kwana 10. A ɗauka 21 ne, irin wanda tsaunin Jos mai tsayin kusan mita 1,200 ke gani: kwana 22. In kashi 90 na sauro ke kwana da rai kowace rana, kusan kashi 35 za su kai kwana 10, amma ƙasa da kashi 10 ne za su kai kwana 22. Ɗalibin da ya fito daga Shendam ko Langtang, inda ƙasa ta sauka zafi ya ƙaru, zai ga jiharsa a cikin waɗannan lambobi. Daga nan tambayoyi na gaske suke fitowa: in zafin Jos ya ƙaru da digiri ɗaya, me zai canja? A wane wata ya kamata a fara ba yara maganin rigakafin damina?

Kuma muna da gadon da ya kamata kowane ɗalibin Arewa ya sani, wato aikin Garki. Ba Garkin Abuja ba, Garkin da ke jihar Jigawa a yau, lokacin tana cikin Kano. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi feshin gidaje da rabon magani a ƙauyukan yankin, suna bin jinin mutane da yawan sauro, kuma a 1974 Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar da samfurin lissafi daga wannan aiki. Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kusan kashi 90, amma yawan masu ƙwayar a jini bai ragu ba sai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ba ɗalibai wannan bambanci ka ce su bayyana shi da lissafi, ka samu aikin zango guda. Har yau 'yan yankin na cikin manyan fannin. Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero, yana cikin sanannun masu lissafin cututtuka a Amurka.

Lassa na da daɗin alƙaluma, amma ta fi wuya, sai rukuni mai ƙarfi. Sanƙarau na da jan hankali, musamman ga wanda iyayensa suka ba shi labarin annobar 1996 da ta kama sama da mutum dubu ɗari a ƙasar nan, amma masu ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ciwo ba su ne ke yaɗa ta, kuma ba su cikin rahoto, don haka ba na ba mai farawa shawararta. Bayanan marasa lafiya na asibiti kuwa a bar su gaba ɗaya: sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma takardar na iya fitowa bayan an gama jarrabawa.

Malamin Jos na da abin da na Abuja ba shi da shi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tafiyar ƙasa da awa guda ce, kuma masananta sun san murar tsuntsaye tun ɓullarta a 2006. Ga tashar binciken dankali a Kuru, ga manoman Bokkos da Mangu da ke fama da cutar da ke ƙone ganyen dankalin Turawa in damina ta yi sanyi da laima. Tambayar yaushe ya kamata a yi feshin farko tambayar lissafi ce, kuma ɗalibin da mahaifinsa ke noman dankali ba sai an roƙe shi ya damu da amsar ba. Na Abuja kuma hukumomi ne a ƙofarsa: NCDC, da hukumar yanayi ta NiMet, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Kwali. Gayyato jami'i ɗaya ya saurari ɗalibai ranar karewa yana canja yadda suke shiri. Sai dai kusanci da ofis ba ya nufin alƙaluma za su fito da wuri. Duk abin da ba ya cikin kwamfutarka kafin ranar farko ta zango, ka ɗauka babu shi.

Akwai kuma hanyar da ba ta jiran kowa: ɗalibai su samar da alƙalumansu. Kwalba, wake mudu ɗaya, da ƙwarin wake guda ashirin. A rufe da ƙyalle, a riƙa ƙirgawa duk mako, a ga ko yawansu zai bi zanen Verhulst. Wani rukuni ya toshe tasa kwalbar ruf yadda iska ba ta shiga, irin dabarar buhun PICS mai ninki uku, a kwatanta. Arha ne, ba izini, kuma ɗalibi zai ɗanɗani kuskuren ƙirga da hannunsa. Matsalarsa ita ce ƙwaron na ɗaukar kusan wata guda kafin sabon zubi ya fito, a sanyin Jos ma ya fi haka, don haka zango ɗaya zai ba ka zubi biyu ko uku ne kawai, kuma in aka rufe makaranta a tsakiya gwajin ya tafi. Yis ɗin burodi a ruwan sukari ya fi sauri, cikin kwana biyu an gama, in sashen ilimin halittu zai ara muku madubin ƙirga.

Ga yadda zan yanke. In ajinka bai wuce arba'in ba, alƙaluma na hannunka, shugaban sashe ya yarda aikin ya ɗauki aƙalla kashi 40, ka yi bincike. Amma ko a nan kada ka jefar da allo: mako biyar na farko lacca ce tsantsa, Verhulst da SIR da R0 da yadda ake gane ko daidaiton da samfuri ya kai zai zauna ko zai goce, tare da awa ɗaya a mako a kan kwamfuta. Sauran makonnin na rukunai ne, da tambaya ƙarama wadda za a iya faɗa a jimla ɗaya. "Lissafin maleriya a Najeriya" ba tambaya ba ce. "Wanne ya fi rage R0 a Mangu, raba gidan sauro ga rabin gidaje ko feshin kashi ɗaya cikin uku?" tambaya ce.

In ajin na tsakanin arba'in da sittin, sai ka duba ko kana da mai taya ka. In ya haura haka, ko shekararka ta farko ke nan da kwas ɗin, ka yi lacca, amma ka saka aiki guda na mako biyu wanda duk aji za su yi a kan alƙaluma iri ɗaya, misali rahoton Lassa na shekara guda, sannan ka sa tambaya ɗaya a jarrabawa wadda sai wanda ya taɓa alƙaluman da hannunsa zai iya amsawa. Daga takardun amsar za ka gane rukuni nawa za ka iya ɗauka baɗi, da kuma ɗaliban da za ka riƙe su taya ka duba na bayansu.